Sharhi: Kujerar Makka, katin rigakafi da ƙwayar mako-mako, abin da mai amosanin gaɓɓai zai sani kafin ya ɗaure kaya

Kaka ta wuce, damman hatsi sun shiga rumbu, kuma kamar kowace shekara tashar motar Dakoro ta fara cika tun da asuba. Samari na ɗaure kaya, wasu Agadas da Libiya, wasu Kano da Legas, wasu Abijan. Masu niyyar sauke farali su ma sun fara kai kuɗinsu wurin ajans-ajans na aikin hajji. Ana cikin wannan hada-hadar ne wani ɗanmu da ke aikin gini a Sabha ya turo saƙon murya ta WhatsApp zuwa shirinmu na kiwon lafiya. Shekara huɗu yana tari, ya biya wa mahaifiyarsa kujera. Tsohuwar na zaune a wani ƙauye na wajen Kornaka, tana fama da amosanin gaɓɓai, kuma shekara biyu ke nan da wani likita a Yamai ya ɗora ta kan wata ƙwaya da ake sha sau ɗaya a mako. Ga abin da ya ce: "Don Allah ku tambayo muna, in an zo allurar alhazai a yi mata ko a bari? Wani ya ce mini in ta faɗi tana shan magani hana ta tafiya za a yi, gara ta yi shiru."

Wannan shawara ta "yi shiru" ita ce ta sa muka zauna muka rubuta wanga sharhi. Kujerar da ta haura miliyan uku na sefa ba abin wasa ba ce, kowa ya san tsoron asara. Amma shirun na iya cin ran da aka tara kuɗin dominsa. Abin da muka fahimta shi ne mai shan irin wannan magani yana iya zuwa Makka, yana iya ci-rani, yana iya ziyarar ƴaƴansa a Turai, muddin shirin ya fara da wuri kuma duk wanda zai yi masa allura ko ya ba shi ƙwaya ya san abin da yake sha. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wane ciwo ne, wane magani ne

Mu nan duk ciwon gaɓa sanyi muke ce masa: sanyin ƙashi, sanyin gwiwa, amosani. Likitoci kuwa suna rarrabewa. Akwai lalacewar gaɓa ta tsufa da wahalar noma da jan ruwa a rijiya. Akwai kuma wanda ake rubutawa a takardar asibiti da sunan polyarthrite rhumatoïde, shi muke magana a kai. A cikinsa garkuwar jikin mutum ce ke juyowa tana yaƙar gaɓoɓinsa. Yakan kama ƙananan gaɓoɓin yatsu da wuyan hannu, dama da hagu tare, su kumbura, da safe hannu ya sandare har a yi awa guda mace ba ta iya riƙe taɓarya ko ɗaure zani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 18 ke ɗauke da shi a duniya, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari mata ne.

Tunda garkuwa ce ta yi tawaye, maganin ma lafar da ita yake yi. Wanda aka fi bayarwa shi ne methotrexate, ƙwayar mako-mako, tare da folic acid mai rage illarta. Sau da yawa a kan haɗa da prednisone, wanda muke cewa kortizon. Masu hali, da ƴan uwanmu mazauna Faransa ko Amurka, wasunsu na kan allurai na zamani irin su adalimumab da etanercept. Magungunan nan na aiki ƙwarai: mun san matan da suka koma daka da dafa abinci bayan sun yi shekaru a zaune. Kuɗin da ake biya shi ne ƙofar jiki ta ɗan buɗe, ciwon da zai kwantar da wani kwana biyu yana iya kai shi wannan gadon asibiti.

Akwai kuma wani rukuni da ba ya cikin lissafin kowa, kuma a ganinmu shi ya fi yawa a ƙauyukanmu: waɗanda ba su taɓa ganin likitan gaɓɓai ba, amma kullum suna sayen dexamethasone ko prednisolone wurin mai tallar magani don gwiwa ta saki. Wanda ya yi watanni yana haɗiyar ƴan ƙwayoyin nan, garkuwarsa ta sauka kamar ta wanda likita ya ɗora, sai dai shi bai sani ba, kuma ba shi da takardar da za ta faɗa. Duk abin da za mu ce a ƙasa ya shafe shi.

Allurar da ake so da wadda ake tsayawa a yi tambaya

Alluran rigakafi iri biyu ne. Wasu an yi su da ƙwayar cuta matacciya ko ɗan ɓangarenta, ba su iya haifar da ciwo. Wasu kuma da ƙwayar cuta mai rai wadda aka raunana. Mai cikakkiyar garkuwa yana murƙushe ta ya samu kariya. Wanda aka lafar wa garkuwa, wannan mai raunin ma tana iya yi masa ƙarfi.

Allurar sanƙarau da Saudiyya ke wajabta wa alhazai, mai kare iri huɗu A, C, Y da W, tana cikin kashin farko. Tsohuwar Kornaka za ta iya karɓarta, kuma ta fi kowa buƙatarta. Dole a yi ta aƙalla kwana 10 kafin shiga ƙasar. Saudiyya ta tsananta a kanta ne bayan sanƙarau irin W ya ɓarke tsakanin alhazai a 2000 da 2001, suka koma da shi ƙasashensu. Mu kuwa ba baƙin sanƙarau ba ne: a 2015 sama da mutum 8,000 suka kamu a Nijar, fiye da 500 suka rasu. Haka allurar mura da ta korona, su ma ba masu rai ba ne, kuma ana ƙarfafa su ga masu raunin garkuwa.

Allurar shawara, wadda ake buga wa tambari a katin nan mai ruwan ɗorawa, ita ce mai rai, kuma a nan gizo ke saƙa. Nijar na cikin ƙasashen da Saudiyya ke neman wannan kati daga matafiyansu, haka ƙasashe da dama na yankinmu irin su Gana da Kodebuwa. Ga wanda ke kan alluran zamani, ko wanda ke shan prednisone miligiram 20 ko fiye a rana har mako biyu, ba a yin ta. Ga mai methotrexate, likitan da ke bin sa ne kaɗai zai yanke, bisa yawan abin da yake sha da shekarunsa, don wanda ya haura 60 ma ana taka-tsantsan da shi ko da lafiyarsa ƙalau.

Ga labari mai daɗi da mutane da yawa ba su ji ba. Tun ranar 11 ga Yuli 2016, dokar lafiya ta duniya ta ce allurar shawara sau ɗaya ta isa har ƙarshen rai. Da can shekara 10 katin ke yi, yanzu ba ya mutuwa. To duk wanda aka taɓa yi wa, ko don wata tsohuwar tafiya ce zuwa Abijan, ya tono katinsa a ƙasan adaka ko cikin kwalla, ba ya buƙatar sabuwa. Wanda bai taɓa yi ba kuma likita ya hana, dokar ta tanadi takardar uzuri da likita ke cikawa a cikin katin, da sa hannu da hatimi. Ƙasar da za a shiga tana da ikon ta karɓa, tana kuma da ikon sa ido a kan mutum na ƴan kwanaki. Shi ya sa ake kai maganar ga ajans da hukumar alhazai ta COHO tun lokacin rajista, kada a bari sai an iso filin jirgin Diori Hamani.

Rigakafin shan inna shi ma kashi biyu ne. Ɗigon baki mai rai ne, allurar kuwa ba mai rai ba ce. In an nemi shaidar shan inna, mai shan waɗannan magunguna ya ce allura yake so, ya faɗi dalili.

Sai maganar da ba a son faɗi a fili: katin saye. Kowa ya san akwai masu buga hatimi ba tare da allura ta taɓa fata ba. Mai raunin garkuwa na iya ganin hakan mafita ce ga matsalar shawara. Sai dai katin ƙarya likitoci yake ruɗawa ranar da aka kwanta ciwo, su ɗauka kana da kariyar da ba ka da ita. In kuma har sanƙarau aka saya a takarda, to an tura tsohuwa cikin mutum sama da miliyan ɗaya da rabi ba garkuwa.

Haɗarin da ya fi kusa yana kan tire

In aka tambaye mu abu ɗaya da za a riƙe daga wannan sharhi, ga shi: mai shan methotrexate ba ya shan cotrimoxazole. Shi ne Bactrim a bakinmu, Septrin a bakin ƴan Najeriya, farar ƙwayar da mai talla ke miƙo wa duk wanda ya ce yana tari ko gudawa. Su biyun hanya ɗaya suke toshewa a jiki, in suka haɗu ɓargo na iya daina ƙera jini. Sai a ga baki ya fashe da gyambo, dasashi na jini, zazzaɓi ya rufe mutum, kuma an rasa rayuka ta haka a ƙasashe da dama. Fansidar na zazzaɓin cizon sauro shi ma danginsu ne, a guje shi.

Matafiyi ne ya fi faɗawa wannan rami, don a hanya ne ake tari da gudawa, a hanya ne kuma ba ka da majon da ya san ka. A masaukin alhazai kowa likita ne, kowace hajiya da ledar magungunanta, kuma don ƙauna za ta miƙo maka. A ce mata na gode, a nufi asibitin tawaga da takarda a hannu.

Abu na biyu, sau ɗaya a mako yana nufin sau ɗaya a mako. An sha samun waɗanda suka sha ta kullum bisa kuskure, kwana kaɗan suka galabaita. Tsohuwar da a gida jikarta ƴar lakwal ke tuna mata ranar, wa zai tuna mata a Mina? A zaɓi rana mai sauƙin riƙewa, a rubuta ta da manyan baƙaƙe a jikin kwalin, da boko da ajami, a kuma damƙa amanar ga abokiyar ɗaki ɗaya tak. Ƴan uwa masu aiko da magani daga waje su lura: ƙwayar na zuwa da ƙarfin miligiram 2.5, tana kuma zuwa da 10. Wadda ta saba haɗiyar shida na 2.5, in ta haɗiye shida na 10 ta ninka har sau huɗu. Kafin a aiko, a turo hoton kwalin, a nuna wa mai farmasi.

Na uku, kortizon ba a yanke shi kwatsam. Jikin da ya daɗe yana karɓa daga waje ya rage ƙera nasa, in aka daina rana ɗaya jini na iya sauka, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Ko da ciwo ya kama, methotrexate ce ake dakatarwa a nemi likita, prednisone kuwa ana ci gaba da shi, wani lokaci ma likita ƙarawa yake. A sani kuma kortizon na danne zafin jiki, saboda haka rashin zazzaɓi ba ya nuna cewa lafiya lau.

Iyaka in ta rufe, magani ke fara yankewa

Abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya koya mana darasi. Takunkumin CEDEAO ya rufe hanyar Kwatano da kayan ƙasar nan suka fi bi, ya rufe Ɗan Isa da Jibiya da mutanen Maraɗi ke bi zuwa Katsina da Kano, masu farmasi suka yi ta kukan ƙarancin magani. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris, amma ta Benin ta ci gaba da zama a rufe, kaya na zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Maganin da ba kowa ke saye ba, irin methotrexate, shi ne farkon ɓacewa a kanta kuma na ƙarshen dawowa.

Ga mutumin Dakoro lissafin ya fi tsawo. Daga nan zuwa Maraɗi kusan kilomita 120, daga Maraɗi zuwa Yamai sama da 650, kuma ƙwararrun likitocin gaɓɓai ƙalilan ne, galibinsu a babban birni. Maganin na buƙatar gwajin jini lokaci-lokaci, wata biyu zuwa uku ga wanda ya daidaita: NFS don yawan jini, transaminases don hanta, créatinine don ƙoda. Ragin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje a asibitocin gwamnati, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Satumba 2024, ya sauƙaƙa wannan ɓangare. Kuɗin mota da na kwana a birni dai suna nan a wuyan iyali. Ɗan da ya iya tara miliyan uku, ya ware ƴan jikkuna na wannan tafiyar tun farko, don ita ma cikin guzurin hajji take.

Shawarar da ta fi dacewa ita ce a ga likita wata biyu zuwa uku kafin tashi, a yi gwajin jini, a karɓo ordonansi mai ɗauke da sunan maganin na asali, ba sunan kamfani kaɗai ba, da yawan da ake sha da ranar sha. A sayi abin da zai kai tsawon tafiya da ƙarin wata guda, don jirgin dawowa kan yi jinkiri. Maganin ya zauna a kwalinsa, a jakar hannu, kada a juye shi a ƙullin leda. A ɗauki hoton takardun a waya, a tura wa mutum biyu. Mai shan tramadol ko kodin don ciwo ya sani Saudiyya na ɗaukarsu da tsanani, shiga da su ba takardar likita na iya kai mutum kurkuku. Kuma kada a karɓi saƙon magani na kowa a filin jirgi, ko da surukinka ne.

Zafi da cunkoso a ƙasa mai tsarki

A hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar mutum 1,301, mafi yawansu waɗanda suka shiga ba izini, suka yi doguwar tafiya a rana ba tanti ba mota. Za a ce mutumin Dakoro ai ya san zafin Afrilu. Gaskiya ne, amma a gida ƙarfe biyu na rana tana samun tsohuwa a ƙarƙashin bedi, ba a kan kwalta tana takawa ba. Ƙoda ce ke fitar da methotrexate daga jiki. In ruwa ya ƙare a jiki, aka kuma ɗora diclofenac ko ibuprofen don gwiwa ta yarda a yi ɗawafi, ƙoda kan gaza, maganin ya taru ya zama guba. Ruwa da yawa, lema, da paracetamol in ciwo ya motsa, sun fi aminci.

Sa'ayi kaɗai ya haura kilomita uku. Akwai keken guragu da masu turawa, malamanmu kuma sun sha bayani cewa mara lafiya na iya wakilta wani ya yi masa jifa. Karɓar wannan sauƙi ba ragin lada ba ne, a tambayi malaman tawaga. A sa takunkumi a cikin cunkoso, a yawaita wanke hannu. Maza su yi aski wurin masu lasisi da sabuwar reza, saboda ciwon hanta. Ƙafa kuma a dube ta kowane dare, ɗan ƙaramin ƙuje na iya zama gyambo. Mu masu son nonon raƙumi mu haƙura da ziyarar garken raƙuma a can: cutar numfashi ta MERS da aka gano a Saudiyya a 2012 daga raƙuma take tsallakowa, kuma masu raunin garkuwa ta fi kayarwa.

Game da tsoron hanawa: sharuɗɗan lafiyar da Saudiyya ke fitarwa a shekarun nan sun fi karkata ga masu wankin ƙoda, gazawar zuciya, ciwon huhu mai buƙatar iskar oksijin, hanta da ta lalace, gushewar hankali na tsufa, tarin fuka mai yaɗuwa, masu kansa da ke kan magani da masu tsohon ciki. Mai amosanin da ya lafa, jininsa da ƙodarsa na daidai, hujjarsa takardar likitansa ce. Wanda kuwa ciwonsa ke kan ganiya, ko aka canza masa magani makonnin nan, ɗage tafiya zuwa baɗi ya fi, kuma ya kamata a tambayi ajans tun kafin biya yadda ake yi da kuɗi in likita ya hana.

Ƴan ci-rani da masu zuwa ganin gida

Alhaji na da tawaga da likitoci, ɗan ci-rani ba shi da kowa. Tun da aka soke dokar 2015-36 a watan Nuwamba 2023, hanyar Agadas zuwa Libiya ta sake cika. Kwanaki ne a bayan Hilux, ruwa a ƙidaye. Ta ɓangaren Aljeriya kuma ana kwaso mutane a zube su a kan iyaka, su taka kusan kilomita 15 zuwa Assamaka, sau da yawa ba jaka ba waya. Wanda rayuwarsa ta rataya a kan prednisone na kullum ya auna wannan da kyau. In tafiyar ta zama dole, maganin mako biyu da ƴar takarda su kasance a jikinsa, cikin aljihun da aka ɗinke, kamar yadda ake ɗinke kuɗi.

Ƴan uwanmu na Turai da Amurka masu zuwa hutu, ku ma da naku. Alluran zamani na son sanyin digiri 2 zuwa 8, ba sa son daskarewa, saboda haka ba a sa su a kayan da ke shiga cikin jirgi ta ƙasa. Wasunsu na jure ɗaki na ƴan kwanaki in bai wuce digiri 25 ba, to a Dakoro wane ɗaki ne wannan in ba a tsakiyar hunturu ba? Kafin ku taso ku san firigon da za ku sa su, ku san kuma ko yana da sola in wuta ta ɗauke. Sabon da jikinku ya yi da zazzaɓin cizon sauro ya tafi bayan shekaru a waje, kuma daga Yuli zuwa Oktoba nan sauro ke mulki. Ku nemi maganin kariya wanda ya dace da abin da kuke sha, ku kwana a gidan sauro. Masu shan hydroxychloroquine kada su ɗauka ya tsare su, zazzaɓin yankinmu ya daɗe da fin ƙarfin danginsa.

Zaman gida ma da ƙa'idarsa

Mu makiyaya ne da maƙwabtan makiyaya, daga kwarin Tarka har Bermo ƙwaryar nono ita ce gaisuwar baƙo. Mai shan waɗannan magunguna ya tafasa madara kafin ya sha, ya yi hattara da cukun da aka yi da ɗanyen nono, ya bar wa wani karɓar haihuwar dabba ko taɓa ɓarin tunkiya. Ba mu manta da zazzaɓin Rift da ya kama makiyaya a Cintabaradan da Tasara cikin jihar Tawa a 2016 ba, ta wannan hanya ya bi. Nama ya dahu sosai, ruwan tabki a tafasa ko a sa masa Aquatabs, musamman da damina, tunda jiharmu ta ga kwalara a 2018 da 2021.

Ƙaho da tsaga da sakiya da wanzamai ke yi wa gaɓa mai kumburi, a bar su. Fatar da aka yanka a jikin mai kortizon ba ta saurin haɗewa. Tarin da ya wuce mako biyu, da rama da zufar dare, a kai majina gwaji, domin magungunan nan na iya tada tarin fuka da ya daɗe kwance. Shi ya sa ake gwada tarin fuka da ciwon hanta kafin a fara alluran zamani. In yaro na da ƙyanda ko ƙarambau a gida, a raba ɗaki a kuma sanar da majo. Ranar da masu ɗigon shan inna suka zo, a fito da yara duka a ɗiga musu, kariyar yaran kariyar kaka ce, sai dai wani ya riƙa wanke musu kashi na ƴan makonni, ita kuma ta riƙe sabulu.

Matan aure masu sauran haihuwa: methotrexate na ɓata ciki, yana kuma nakasa ɗan tayi, ba a shan sa da ciki ko da goyo. Maigida ya san da haka, a je wurin likita tare, shi zai tsara yadda za a daina watanni kafin a nemi ciki.

Abin da muke nema

Nijar na samun kujeru 15,891 a shekarun baya-bayan nan, kuma duk wanda ya taɓa rakiyar alhazai ya san tsofaffi ne suka fi yawa. Muna kira ga COHO da ajans-ajans da su sa tambaya ɗaya a bakin duk mai duba maniyyata, da Hausa, da Fulatanci, da Tamashek: wane magani kake sha kullum, ko da na talla ne? A kuma faɗa a fili, a rediyo da masallatai, cewa amsa gaskiya ba ta ƙwace kujera. Muna kira ga hukumomin lafiya na gunduma da su bayyana wa jama'a inda ake samun takardar uzuri ta shawara da allurar shan inna, don kada mutumin Azagor ko Bader Gula ya yi ta yawo tsakanin Maraɗi da Yamai. Majojin CSI kuma, kafin a rubuta Bactrim ga mai kumburarrun yatsu, a tambaye shi ƙwayar mako-mako.

Ɗanmu na Sabha mun mayar masa da amsa. Ƙanwarsa ta bincika kayan tsohuwar, ta sami katin shawara na shekarar da ta je wankan jegon ƴarta a Gana, hatiminsa na nan raɗau. Saura allurar sanƙarau, gwajin jini da takardar likita, kuma sun sa ranar zuwa Maraɗi bayan ya aiko da kuɗin mota. Wanda ke da irin wannan tambaya ya turo ta a shirinmu na lafiya, ba sai ya faɗi sunansa ba, za mu kai ta gaban ma'aikatan lafiya mu dawo da amsa. Wanda kuma ya karanta wannan a waya, a Tripoli yake ko a Paris, ya kira gida ya karanta wa waɗanda ba su iya ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya.